An Zuba Kuɗi a Tituna da Layin Dogo, Me Ya Sa Dakon Kaya Daga Legas Zuwa Kano Bai Yi Sauƙi Ba?

Tambaya ce da ake ji a Kantin Kwari, a Singa, a Dawanau: gwamnati ta ci bashi ta shimfiɗa sabon layin dogo, ta ba da kwangilar tituna na ɗaruruwan biliyoyin naira, to me ya sa kwantenar da ta sauka a tashar jiragen ruwa ta Apapa da ke Legas har yau sai ta hau bayan tirela, ta yi kwana da kwanaki a hanya, a biya mata kuɗin mota mai ɗan karen tsada kafin ta iso Kano? Daga nan sai a zarce zuwa ta biyu, wadda ta fi tayar da jijiyar wuya: layin dogon da ake ja zuwa Maraɗi, wa zai ci moriyarsa, Najeriya ko Nijar?

Masu cewa kuɗin ya tafi a banza sun yi gaggawa, haka ma masu nuna hotunan tashoshi masu ƙyalli suna cewa an gama. Hanyar kasuwanci ana auna ta ne da abin da tan ɗaya na kaya ke ci daga inda aka loda shi zuwa inda za a sauke shi, da kuma ko mai kayan zai iya faɗin ranar da za su isa. Yawan kilomitar da aka ƙaddamar ba ya amsa wannan.

Abin da ɗan kasuwa ke biya a zahiri

Kuɗin motar da ake tsadancewa a gareji wani ɓangare ne kawai. A cikinsa akwai dizal na zuwa da na dawowa, domin tirelar da ta kawo kaya Kano idan ba ta sami lodin komawa ba, mai kayan farko ne zai biya mata hanyar da za ta koma wayam. Akwai taya da sifirin da ramuka ke ci, da alawus ɗin direba da yaran mota, da kamashon 'yan ƙungiya, da abin da ake miƙawa a shingayen hanya, na hukuma da waɗanda ba na hukuma ba.

Sai lokaci. Kamfanin jirgin ruwa yana ba mai kaya 'yan kwanaki ya kwashe kayansa ya maido da kwantena. In sun wuce, tarar jinkiri ta fara hawa kullum, kuɗin ajiya a tasha ma haka. Wanda ya sayo kayan da kuɗin banki kuwa ruwa yana ta taruwa a kansa.

Wanda ya fi cizo shi ne wanda ba a rubuta shi a rasit: rashin tabbas. Mai masana'anta a Sharaɗa ko Challawa da bai san ko kayan aikinsa za su iso cikin kwana huɗu ko mako uku ba, dole ya tara na wata biyu a sito, wato ya ɗaure jarinsa. Mai fitar da riɗi ko zoɓo da jirgin da ya yi alkawari da shi ya tashi ya bar shi, sai ya jira na gaba, mai saye kuma ya rage farashi ko ya fasa ɗungurungum.

Layi iri biyu da ba sa shiga juna

Najeriya tana da layin dogo iri biyu. Tsohon da Turawa suka shimfiɗa, wanda ya iso Kano a 1911, faɗin tsakanin ƙarafansa milimita 1,067 ne. Shi ya kwashi gyaɗa da auduga da fata zuwa bakin teku, aka yi masa rassa zuwa Ƙauran Namoda da Nguru, ya kai Maiduguri a 1964. A wajen wannan shekara hukumar jiragen ƙasa tana ɗaukar kaya kusan tan miliyan 3 a shekara. Da kuɗin man fetur ya zo aka karkata ga tituna, aka bar layin ba gyara, kaya suka koma bayan mota. Yau sama da kashi 90 cikin 100 na kayan da ke yawo a cikin ƙasar a kan titi suke.

Sabon layin faɗinsa milimita 1,435 ne. Ya fi gudu, ya fi ɗaukar nauyi, amma taragon wannan ba ya hawa wancan. Duk inda suka haɗu sai an sa ƙugiya an ɗaga kwantena daga tarago zuwa tarago, kuma kowace ɗagawa kuɗi ce da jira.

An gama guda uku na sabon layin: Abuja zuwa Kaduna, kilomita 186, a 2016; Warri zuwa Itakpe, kilomita 326, a 2020; Legas zuwa Ibadan, kilomita 157, a 2021, da reshen da ya shiga tashar Apapa. Ana kan aikin Kaduna zuwa Kano, kilomita 203, da Kano zuwa Maraɗi, kilomita 284, dukansu an aza harsashinsu a 2021.

Wanda ya buɗe taswira zai ga inda gizo ke saƙa. Tsakanin Ibadan da Abuja, ta Ilori da Minna, babu sabon layi, kuma wannan shi ne yanki mafi tsawo a tsarin Legas zuwa Kano. Ko da an gama ayyukan Arewa gobe, abin da za a samu shi ne layi ɗaya daga Abuja har Maraɗi, kilomita 670 da 'yan kai, wanda bai taɓa teku ba. Na Kudu kuma ya taɓa teku amma ya tsaya a Moniya, bayan garin Ibadan. Kwantenar Kano da ta hau jirgi a Apapa sai an sauke ta a can an ɗora wa tirela, ta ci sauran ɗaruruwan kilomita a kan kwalta.

Akwai tsohon layin, kuma an sake gwada jigilar kwantena a kansa zuwa Kano a 2024. Sai dai layi ɗaya ne tal, jirgi mai zuwa sai ya jira mai dawowa a tasha, ga kwana-kwana da ke hana gudu, ga damina da ke wanke ƙasar da ke ƙarƙashin ƙarfen. Ambaliyar Mokwa ta watan Mayun 2025, wadda ta ci rayuka sama da 150, ta taɓa titi da layin dogo gaba ɗaya a daidai wurin da kayan Arewa ke ratsawa. Tashar jiragen ruwa ta Lekki da ke Legas kuwa, wadda aka buɗe a Janairun 2023 kuma take karɓar manyan jiragen da ba sa iya shiga Apapa, ba a kai mata layin dogo ba. A gabas, gyaran tsohon layin Fatakwal zuwa Maiduguri da aka ƙaddamar a 2021 ya kai Aba ne, kilomita 62 daga cikin sama da 1,400.

Yaushe jirgin ƙasa ke fin tirela araha?

Ƙarfe a kan ƙarfe ba ya shan mai kamar roba a kan kwalta, shi ya sa kan jirgi ɗaya ke jan tarago 30, kowanne da kwantena mai ƙafa 40. Wannan lodin tirela 30 ne, da direbobi 30, da tankin dizal 30. Amma jirgi ba ya zuwa ƙofar sito. Sai mota ta kai masa kaya, wata motar ta karɓa a ɗaya ƙarshen, an biya ɗagawa sau biyu. Rarar da aka samu a tsakiya ce za ta biya waɗannan, don haka sai tafiya ta yi nisa, kayan suna da nauyi da yawa, kuma suna zuwa a kai a kai, sannan lissafin ke fita. Siminti, taki, hatsi, man fetur, ƙarfe, kwantena tsakanin Legas da Kano: wannan ne abincin jirgin ƙasa. Jigilar kwantena daga Apapa zuwa Ibadan da aka fara a Satumbar 2023 tana rage cunkoson tasha, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne, amma kilomita 157 sun yi kaɗan su karya kuɗin dako.

Wani abu da ake yawan mantawa shi ne ƙananan rassa. Layin da bai shiga harabar masana'antar siminti, ko ma'ajiyar mai, ko kasuwar hatsi ba, kaya ba za su bi shi ba. Reshe mai kilomita biyar zuwa inda lodi yake yakan fi tasha mai bene amfani ga kasuwanci. 'Yan siyasa kuma sun fi son jirgin fasinja, domin shi ake gani, shi ake ɗauka a hoto, alhali kusan ko'ina a duniya tikitin fasinja ba ya biyan kuɗin layi. Kaya ne ke biya.

A 2016 an ɗauki shanu 500 a jirgi daga Gusau zuwa Legas, aka yi ta murna, amma abin bai ɗore ba. Falken shanu yana son sanin cewa jirgi zai tashi washegarin ranar kasuwa kowane mako, akwai dandamalin lodi, akwai inda za a shayar da dabbobi a hanya, kuma in sa ya mutu saboda jinkirin jirgi an san wanda zai biya. In babu waɗannan zai koma wurin direban da ya sani, wanda zai iya kira a waya da tsakar dare ya ji inda suke.

Kenya ta ɗanɗana irin wannan. Bayan an buɗe layin Mombasa zuwa Nairobi a 2017, sai da gwamnati ta tilasta wa masu shigo da kaya su bi jirgi domin a sami kuɗin biyan bashi, aka yi ta rigima da masu motoci, har aka janye tilascin a 2022.

Abin da ke kashe titi kafin lokacinsa

Tunda kaya a kan titi suke, kuma za su daɗe a kai, a nan ne aka fi yin asara. Titunan gwamnatin tarayya kusan kilomita 35,000 ne, ƙasa da kashi ɗaya cikin biyar na titunan ƙasar, amma su ke ɗauke da yawancin manyan motoci.

Titi hawa-hawa ne. Ana daddale ƙasar wurin, a zuba marmara, a zuba dakakken dutse, kowanne kusan santimita 20, sannan a shimfiɗa kwalta hawa biyu, ta ƙasa kamar santimita 6, ta sama kamar 4. Injiniya yana lissafa kaurin nan ne bisa yawan nauyin da zai bi ta kai cikin shekara 15 zuwa 20. Nauyin da ake nufi shi ne wanda ke kan kowace sandar taya, wato kowane jerin tayoyi da ke dafe da ƙasa. Dokar ECOWAS ta tsayar da tan 11.5 ga sanda ɗaya mai jan mota, da tan 51 ga tirela mai sanda shida, nauyin motar da kayanta gaba ɗaya.

Ga inda lissafin ke ba da tsoro. Gwajin da aka yi a jihar Illinois ta Amurka tsakanin 1958 da 1960, wanda injiniyoyin titi ke aiki da shi har yau, ya nuna ɓarnar da sanda ke yi wa titi ba ta tafiya daidai da nauyinta. In nauyi ya ninka biyu, ɓarna tana ninkawa kusan 16. Sandar da ya kamata ta ɗauki tan 11.5 idan aka ɗora mata 16, tana cin titi kamar sanduna kusan huɗu. In ta kai tan 20, kamar tara. Tirelar da aka yi don buhun siminti 600, wato tan 30, ana ƙara mata bodi da sifirin a loda mata 900. Mai mota yana da hujjarsa: dizal ya yi tsada, shingaye da yawa, in bai ƙara lodi ba ba zai fita ba. Amma titin da aka gina don shekara 20 sai ya fara tsagewa a ta biyar. Maganin sananne ne, sikeli a ƙofar tashar jiragen ruwa da masana'antu da ma'ajiyar mai, inda ake yin lodin. Sikelin da aka kafa a tsakiyar daji yakan zama wani sabon wurin karɓar na goro.

Abokin gaba na biyu ruwa ne. Tsaga ta buɗe, ruwan sama ya shiga, marmarar ƙasa ta yi laushi, tayar tirela ta danna, ruwan ya fito da laka, sai rami. Magudanar da shara ta toshe, ko kwalbatin da ya yi ƙanƙanta da ruwan da ke zuwa, sun isa su cinye titi a damina ɗaya. Toshe tsaga da kwalta da yashe magudana kafin ruwan farko ba su kai kashi kaɗan na kuɗin sake gini ba, sai dai ba a yanka musu kyalle, shi ya sa hukumar FERMA da aka kafa a 2002 don wannan aiki kullum kasonta bai taka kara ya karya ba.

Wanda ya bi ta Tafa ko Mararrabar Jos da dare ya ga na uku. Tankoki da tireloli jere a gefen titi, wasu a kan kwaltar kanta, makanikai a ƙarƙashi suna zubar da baƙin mai, dizal yana ɗiga daga tanki. Dizal yana narkar da kwalta, nauyin motar da ke tsaye kuma yana lotsa ta. Titin da aka gina ba tare da filin ajiye manyan motoci ba, daga irin waɗannan garuruwa yake fara lalacewa.

Saboda haka ne ma'aikatar ayyuka ta karkata ga titin kankare mai rodi, irin wanda kamfanin Dangote ya yi tsakanin Obajana da Kabba, kuma shi ake yi a sabuwar hanyar Sakkwato zuwa Badagry mai kilomita 1,068 da aka ƙaddamar a Illela a Oktoban 2024. Kankare ya fi jure nauyi da dizal. Amma in ba a daddale ƙasan da kyau ba shi ma yana karyewa, kuma gyaransa ya fi na kwalta wuya da tsada.

Akwai kuma matsalar maƙogwaro. Kayan Arewa da Kudu suna haye kogin Neja ne a wurare ƙalilan. Da gadar Tatabu da ke tsakanin Mokwa da Jebba ta karye a 2017, motoci suka yi cirko-cirko. Da ruwa ya rufe hanya a Koton Karfe a 2022, sai ga layin mai a Abuja. Hanyar Tegina zuwa Birnin Gwari, wadda ita ce gajeriya zuwa Kaduna, 'yan bindiga da ramuka sun sa direbobi da yawa suna zagayawa.

Kuɗin daga ina, kuma wa zai biya?

Sabon layin dogo yawancinsa bashin bankunan China ne, kamfanin CCECC na can kuma shi ke aikin. Na Abuja zuwa Kaduna an karɓi dala miliyan 500. Bashin da dala ake biya, tikiti da naira ake saya. Lokacin da dala take kusan naira 460, dala miliyan 500 naira biliyan 230 ce. Bayan an saki naira a Yunin 2023 ta haura 1,500, wannan adadin ya koma biliyan 750, fasinja kuwa ba a ninka masa tikiti sau uku ba. Giɓin daga baitulmali yake fita, wato har wanda bai taɓa ganin jirgin ba yana biya. Harin 28 ga Maris 2022 da ya tsayar da jirgin Abuja zuwa Kaduna har Disamba ya nuna wani abu kuma: layin da ba shi da tsaro ba ya kawo ko sisi, amma bashinsa ba ya tsayawa.

A ɓangaren titi an gwada hanyoyi da dama. Sukuk, wanda aka fara da naira biliyan 100 a 2017, takardar jari ce marar ruwa da ake ware kuɗinta ga tituna da aka ambata da suna, shi ya sa ake ganin allonsa a gefen hanya. Amfaninsa shi ne ɗan kwangila ya san kuɗin yana nan. Rauninsa kuma ana yayyafa shi a kan ayyuka da yawa domin kowace shiyya ta samu, sai a ga kilomita goma mai kyau a tsakiyar hanyar da ta mutu. Umarnin shugaban ƙasa na 2019 ya ba kamfanoni damar gina titi su cire kuɗin daga harajinsu. Aikin yakan yi sauri, amma kamfani hanyar da motocinsa ke bi zai zaɓa. An dawo da karɓar kuɗin tolget, wanda aka soke a farkon 2004, a hanyar Abuja zuwa Makurɗi ta Keffi da Lafiya a Fabrairun 2025. Direba ba ya ƙin biya in titin lafiya lau ne, domin taya ɗaya ta tirela ta fi kuɗin tolget na tafiye-tafiye da yawa. Abin da yake tsoro shi ne ya biya a tolget, ya kuma biya a shingen da ke gaba.

Hanyar Abuja zuwa Kano ta Kaduna da Zariya, kilomita 375, darasi ce a kan abin da jinkiri ke ci. An ba kamfanin Julius Berger kwangilar a ƙarshen 2017 a kan naira biliyan 155. A 2021, bayan an faɗaɗa aikin daga gyara zuwa sake gini, ta koma biliyan 797. Har da wani kaso na dala miliyan 311 na kuɗin Abacha da aka dawo da su a 2020 aka zuba mata. An gama Kaduna zuwa Zariya, amma yankin Abuja zuwa Kaduna ya tsaya, aka soke kwangilarsa a Nuwamban 2024 saboda saɓani kan farashi, aka ba wani kamfani. Kwalta da dizal da kayan gyaran injuna duk dala suke bi, don haka kowace shekarar jinkiri sabon farashi ce.

Maraɗi: hujjar kowane ɓangare

Kamfanin Mota-Engil na ƙasar Fotugal ke wannan aiki a kan kusan dala biliyan 2. Layin zai bi ta Ɗanbatta, Kazaure, Daura, Mashi, Katsina da Jibiya, da reshe zuwa Dutse. Wato mafi yawansa a Kano da Jigawa da Katsina yake, ɗan guntu ne ya shiga Nijar.

Masu goyon baya suna cewa Nijar ba ta da teku, kayanta ta tashoshin jiragen ruwa na Kwatano da Lome suke bi, Najeriya kuma tana son ta jawo su zuwa Legas ta ci kuɗin tasha da na dako. Suna ƙarawa da cewa Kano da Katsina da Maraɗi kasuwa ɗaya ce tun kafin a shata iyaka: dabbobi da wake da albasa suna gangarowa, hatsi da siminti da kayan masarufi suna hawa. Yarjejeniyar ciniki maras shinge ta Afirka, wadda Najeriya ta sa wa hannu a Yamai a 2019, irin wannan hanya take buƙata.

Masu suka suna tambaya: me ya sa aka fara da reshe kafin gangar jiki? Hujjarsu tana da ƙarfi. Daga Maraɗi, Legas da Kwatano kusan nisa ɗaya ne, dukansu sun haura kilomita 1,300. Alhajin Maraɗi ba zai bar Kwatano ba sai in Legas ta fi araha da sauri, kuma hakan ba zai yiwu ba muddin ba a cike giɓin Ibadan zuwa Abuja ba. A Nijar ɗin ma akwai abin dubawa: layin Yamai zuwa Dosso, kusan kilomita 140, an gina shi an yi biki, amma ba a haɗa shi da na Benin da ya tsaya a Parakou ba, yana nan kwance ba jirgi.

Sannan ƙarfe ba ya buɗe iyaka. Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020. Ta sake rufe ta Nijar bayan juyin mulkin Yulin 2023, sai Maris 2024 aka buɗe. Nijar ta fice daga ECOWAS a Janairun 2025. A ɗaya gefen kuma, rikicinta da Benin ya tilasta wa kayanta zagayawa daga Lome ta Burkina Faso da rakiyar soja, wanda ya ƙara wa hanyar Najeriya daraja. Amma sai Najeriya da Nijar sun yi yarjejeniyar kayan wucewa: kwantenar Nijar ta fita Apapa a rufe da hatimi, ba a biya mata kuɗin fito a Najeriya ba, a duba ta sau ɗaya a iyakar Jibiya, kuma a tabbata ba ta juyo ta shiga kasuwar Kano ta bayan gida ba. Tsoron wannan juyowar ne ya sa kwastam ke ɗari-ɗari da kayan wucewa tun fil azal.

Tashoshin tsandauri

Tashoshi ne da ke aikin tashar jiragen ruwa amma a kan tudu, nesa da teku. An buɗe ta Kaduna a 2018, ta Dala a Kano a 2023, ta Funtuwa a 2024. Manufar ita ce takardar lodin jirgi ta nuna Kano a matsayin inda kaya za su sauka, kwastam su duba su a nan, a biya kuɗin fito a nan, mai fitar da citta ko riɗi ma a rufe masa kwantena a nan ta wuce kai tsaye cikin jirgi. In aka sake buɗe ta a Legas, ko kamfanin jirgin ruwa ya ƙi rubuta Kano a takarda, ko babu kwantena wayam da za a loda, tashar ta zama sito kawai. Kuma tashar tsandauri da tirela ke ciyar da ita ba ta rage kuɗin dako, takardu kaɗai take sauƙaƙawa.

Me zai canza ga talaka?

Kada a sa ran farashin shinkafa ko siminti zai faɗi ranar da jirgi ya fara aiki. Dako kaso ne a cikin farashi, dala da dizal da taki suna nan. Inda za a fi ganin bambanci shi ne kayan da ke lalacewa da kayan da ke da nauyi amma ba tsada. Tumatirin da ake lodawa a Kwanar Gafan, kwando a kan kwando, na ƙasa yana matsewa a kowane rami, in motar ta kwana biyu a cunkoso kafin kasuwar Mile 12 ta Legas ruwansa har ƙasa yake ɗiga. Dillali ya san haka, tun a gona yake cire asarar daga kuɗin manomi. Yajin kai abinci Kudu na farkon 2021 ya nuna yadda abin yake cikin 'yan kwanaki: tumatir da albasa suka faɗi warwas a Arewa, suka yi tashin gwauron zabo a Legas.

Raba man fetur da titi ma ceton rai ne. Tankar da ta faɗi a Majiya ta jihar Jigawa a Oktoban 2024 ta ci rayuka sama da 150.

Akwai waɗanda za su yi asara. Direbobin dogon zango da garuruwan da ke rayuwa da su, masu abinci, fakanaiza, masu masauki, za su ga ciniki ya ragu in kaya suka koma jirgi, ko da yake gajerun tafiye-tafiye daga tasha zuwa kasuwa za su ƙaru. Masu gonakin da layi ya ratsa suna fama da diyya da rashin mashigar shanu da amalanke. Hanya mai sauƙi kuma gaba da baya take aiki: yadda za ta fitar da riɗin Jigawa da araha, haka za ta shigo da kayan waje da araha su yi gogayya da masana'antun Kano da ke fama da wuta.

Manomin da ke kilomita 30 daga kwalta kuwa, babbar hanya ba ta isa gare shi sai an gyara ta ƙauyensa, wadda ke hannun jiha da ƙaramar hukuma, domin a damina kuɗin fitar da buhu daga gona zuwa bakin titi yakan yi gogayya da na kai shi birni. Gyaran tsarin mulki na Maris 2023 ya ba jihohi ikon gina layin dogo da kansu, don haka reshen da zai shiga Dawanau, ko kasuwar dabbobi ta Maigatari, ko Funtuwa, ba sai an jira Abuja ba.